Allurar mai kyamis ta taɓa ƙafar 'yata, dangi sun ce in yi shiru

Assalamu alaikum Anti. Ina rubuto miki daga wani ƙauye a masarautar Ringim, ƙanina ne yake rubuta mini a wayarsa. Don Allah a sakaya sunana. Sati uku da suka wuce 'yata mai shekara huɗu ta kwana da zazzaɓi mai zafi. Asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarmu da nisa, ga ruwa ya ɓata hanya, sai na kai ta wurin mai kyamis ɗin garinmu, wanda ɗan baffan maigidana ne. Ya ce zai ba ta na sha, ni ce na matsa a yi mata allura don ta fi saurin aiki. Ya yi mata a ɗuwawu tana ta fisge-fisge. Allurar na shiga ta ƙwalla wata irin ƙara da ban taɓa jin ta yi ba, na sauke ta ta kasa tsayuwa. Zazzaɓi ya tafi, amma tun ranar ƙafarta ta dama jan ta take yi, yatsun suna shafar ƙasa, silifa ba ya zama. Mai kyamis ya zo sau ɗaya, ya ce shan inna ce, ya ajiye dubu biyar ya tafi. Surukata ta ce ƙaddara ce, wanda ya ɗaga maganar zumunci yake so ya raba. Maigidana ya yi gum, in na yi magana sai ya ce in yi haƙuri. Yayana kuwa ya rantse sai ya kai shi wurin 'yan sanda. Mutumin nan har yau yana yi wa yara allura. Ba na iya barci, gani nake ni na jawo mata. In na nemi haƙƙinta na ja da hukuncin Allah ke nan? In na yi shiru ban ci amanarta ba?

Uwar mai jinya, daga Jigawa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jinya, sannu da wannan nauyi da kike ɗauke da shi ke kaɗai a tsakiyar gida cike da mutane. Allah ya ba yarinyar nan lafiya, ya sanyaya miki zuciya.

Kafin mu je kan mai kyamis da surukarki da yayanki, bari mu fara da ƙafar, domin duk sauran za su iya jira, ita ce ba ta jira. Ba zan yanke miki hukuncin ciwo daga wasiƙa ba, wannan aikin likitan da ya taɓa ƙafar ne da hannunsa. Amma abin da kika siffanta sananne ne a asibitocinmu. Akwai wata babbar jijiya ta ji da motsi, ba ta jini ba, wadda ita ce mafi girma a jikin mutum. Daga ƙugu take fitowa, ta ratsa cikin ɗuwawu, ta gangara bayan cinya, ta rarrabu har yatsun ƙafa. Saboda ita ne ake koya wa ma'aikatan jinya su raba ɗuwawu gida huɗu, su yi allura a ɓangaren sama na waje kawai. Ƙananan yara kuma, da yake namansu bai da kauri, an fi son a yi musu a gefen cinya ta gaba, kamar yadda kike gani ana yi wa jarirai ranar rigakafi. In allura ta kauce ta soki jijiyar nan, ko maganin ya zube a jikinta, yaro yakan yi ƙara nan take, daga baya ya kasa ɗaga tafin ƙafarsa sama. Shi ya sa silifa ke zamewa, shi ya sa za ki ga tana ɗaga gwiwa sosai in za ta taka don kada yatsu su ci ƙasa.

Ki kai ta babban asibiti a cikin satin nan, kada ki jira lokacin kaka, kada ki jira a gama shawarar dangi. Ki faɗa wa likita komai daki-daki: ranar da aka yi allurar, daidai inda aka soka, ƙarar da ta yi, da sunan maganin in kin sani. Ki roƙi a tura ku sashen gashi, wato masu motsa gaɓoɓi. Ana samun su a manyan asibitoci irin su asibitin koyarwa na Rasheed Shekoni da ke Dutse, da cibiyar lafiya ta tarayya da ke Birnin Kudu, a Kano kuma akwai asibitin Malam Aminu Kano da asibitin ƙashi na Dala. Jijiyar da ta ji rauni takan farfaɗo, amma a hankali ƙwarai, kusan milimita 1 a rana take tsirowa, don haka maganar watanni ake yi. Wasu yaran suna warkewa sarai, wasu su samu sauƙi da ɗan saura, wasu kuma sai an kai ga tiyata. Ba zan yi miki alƙawarin da ba nawa ba. Abin da ke hannunki shi ne kada idon sawun ya sandare yana kallon ƙasa kafin jijiyar ta dawo. Masu gashi za su nuna miki yadda za ki riƙe dunduniyarta a tafin hannunki, ki tura tafin ƙafar sama a hankali sau da yawa a wuni, kuma akwai takalmi na musamman da ake yi wanda ke riƙe ƙafar a miƙe. In watanni suka ja ba a ga alamar motsi ba, likitoci su ne za su ce ko a duba jijiyar ko a yi aikin da zai taimaka mata ɗaga ƙafar.

A gida ki kula da abu guda da iyaye da yawa ba sa lura da shi. Ƙafar da jijiyarta ta taɓu takan rage jin zafi. Yarinya za ta iya taka garwashi a bakin murhu, ko ƙaya ta shige ta a hanyar gona, ba ta ce uffan ba. Kullum da yamma ki wanke ƙafar, ki juya ta, ki duba tafin da tsakankanin yatsu. Kada a gasa mata da ruwan zafi ko tsumma mai zafi, za ta iya ƙonewa ba ta sani ba. Kada a kai ta wurin mai ɗori, ba ƙashi ne ya karye ba, kada kuma wanzami ya yi mata tsaga. Addu'a da tofi kuwa a yi ta yi, ba su hana zuwa asibiti.

Maganar shan inna da ya yi, ba a bakinsa za a ji gaskiyarta ba, ba kuma a bakina ba. Ƙa'ida ce a ƙasar nan cewa duk yaron da bai kai shekara 15 ba da wata gaɓa tasa ta saki farat ɗaya, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Za a ɗauki bahayan yarinyar sau biyu, da tazarar aƙalla awa 24, a kai gwaji, kuma ba a biyan ko sisi. An fi so a yi cikin kwana 14 na farko, amma ana karɓa har zuwa kwana 60, don haka ba ku makara ba. An tabbatar da Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar shan inna ta daji a shekarar 2020, sai dai har yanzu ana sa ido saboda wani nau'in da ke ɓulla a inda rigakafi ya yi ƙaranci. Ki ce wa malamin asibitin mazaɓarku ya haɗa ki da jami'in. Gwajin nan zai amfane ki ta fuska biyu: yarinya ta samu kulawar da ta dace, maganar da ake yi a gari kuma ta tashi daga ka-ce-na-ce ta koma takarda.

Yanzu ke. Kin ce ke kika matsa a yi allura, kuma wannan ne ke hana ki barci. Ƙanwata, uwa ce ke da ta kwana da yarinya jiki kamar wuta, ta nemi abin da duk garin ya yarda shi ne ya fi ƙarfi. Mutanenmu da yawa sun taso da imanin cewa in ba a yi allura ko ƙarin ruwa ba, ba a yi magani ba. Ba haka ba ne, zazzaɓin cizon sauro da bai yi tsanani ba gwaji ake yi a ba da maganin sha na kwana uku, wanda ya yi tsanani kuma na asibiti ne. Amma sanin wannan yana wuyan wanda ya buɗe shago ya ce shi mai magani ne. Shi ke da ikon cewa a'a. Roƙon uwa ba ya mai da abin da aka hana shi ya zama halal gare shi, kuma ba ke kika zaɓi inda allurar za ta shiga ba. Ki sauke wannan kayan daga kanki, kina buƙatar ƙarfinki don jinya.

Na ce abin da aka hana shi, kuma da gangan na faɗa. Lasisin da Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Najeriya, PCN, ke ba masu kyamis na sayar da wasu ƙayyadaddun magunguna ne a cikin kwalinsu na asali. Bai ba su izinin yin allura ba, ko ƙarin ruwa, ko kwantar da mara lafiya a bayan kanta. Ko da mutum ya yi makarantar koyon aikin lafiya, shagon kyamis bai zama asibiti ba, kuma akwai hukumar da ke yi wa ma'aikatan lafiya na karkara rajista wadda za ta iya tuhumarsa a kan aikinsa.

Duk da haka ba na son ki ɗauke shi mugu. Na san irin waɗannan mutanen. Shi ne ake buga wa ƙofa ƙarfe biyun dare, shi ne ke ba da magani bashi sai an sayar da riɗi, shi ne ke nan ranar da hanya ta yanke. Da asibitin mazaɓa na kusa, da ma'aikaci a cikinsa dare da rana, da ba ki je wurinsa ba, kuma wannan laifin na masu mulki ne. Ina kyautata zaton bai yi nufin cutar da jininsa ba, kuma dubu biyar ɗin nan da ya ajiye ya fita da sauri ta fi kama da ta mutumin da tsoro ya kama. Sai dai inda na tsaya masa shi ne abin da ya biyo baya. Ya ga yarinya ta kasa tsayuwa a gabansa, maimakon ya ce maza ku tafi asibiti, sai ya laƙa wa abin sunan wata cuta, aka yi asarar sati uku. Sannan bai ajiye sirinji ba. Kuskuren hannu yakan faru har ga ƙwararru, amma ɓoye shi da ci gaba da aikin zaɓi ne da ya yi da hankalinsa.

Tambayarki ta ƙaddara ita ce ta fi taɓa ni, domin na ga yadda ake rufe bakin mata da kalmar nan. Surukarki ta yi gaskiya, babu abin da ke faruwa sai da hukuncin Allah, kuma duk mun yi imani da haka. Amma Allahn da ya ƙaddara shi ne ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 92, wanda ya kashe mumini bisa kuskure ya biya diyya ga iyalansa. Kuskure ne, ba ganganci ba, ƙaddara ce, amma ga diyya nan Alƙur'ani ya ɗora. A kan aikin magani kuma akwai hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito, cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, to shi ke da lamunin abin da ya lalata. Saboda haka neman a ɗauki nauyin jinyar 'yarki ba ja da Allah ba ne, bin tsarin da ya shimfiɗa ne. Ki kuma lura, haƙƙin nan na yarinyar ne. Ke za ki iya yafe ɓacin ranki da rashin barcinki, lada na nan. Amma kuɗin da za a yi mata gashi da takalmi, da tiyata in ta kama, amana ce a hannun mahaifinta, malaman fiƙihu kuma ba su ba waliyyi damar kyautar da haƙƙin ƙaramin yaro don jin kunyar dangi ba. Ku tambayi limaminku wannan mas'alar, kuma a tambaye shi a gaban surukarki.

Ita surukar taki kada ki yi fito-na-fito da ita. Tsohuwa ce da take ganin gida biyu da suka fito tsatso ɗaya suna shirin daina gaisawa, kuma jikarta ce ke jan ƙafa, ita ma abin na cin ta. Ki ce mata, Inna, ni ba tonon silili nake so ba, so nake jikarki ta taka ƙafarta. Da wuya ta ƙi wannan.

Maigidanki shi ne mabuɗin maganar. Shirunsa ba lallai ne ya zama rashin damuwa ba. An sa shi tsakanin 'yarsa da ɗan baffansa da mahaifiyarsa, kuma namiji a irin wannan hali yakan ɓuya a bayan kalmar haƙuri. Kada ki tare shi da maganar kotu ko da abin da yayanki ya ce. Ki same shi da daddare bayan ya ci abinci, ki nemi abu ɗaya tak, ya raka ku asibiti. Ki bar likita ya yi masa bayani da bakinsa, ya ga yadda ake gwada ƙafar tana kasa ɗagowa. Uban da ya ga wannan da idonsa ba ya komawa gida yadda ya fito. In ya ce babu kuɗin mota, a nan ne yayanki zai yi amfani. Ki ce masa, Yaya, zafin nan da kake ji ka mai da shi kuɗin mota da na kati tukuna. Zuwa wurin 'yan sanda yau, ba takardar likita a hannu, zai iya ƙarewa a tsare mutum kwana biyu a yi beli, gari ya rabu biyu, laifin ya dawo kanki a gidan aurenki, yarinya kuma ko gashi ɗaya ba a yi mata ba. Ƙofar tana nan, dokar laifuffuka ta san raunata mutum ta hanyar sakaci, amma ba ita ce ta farko ba.

Tun daga yau ki fara tara shaida a hankali ba tare da surutu ba. Ƙaninki ya rubuta ranar allurar da abin da ya faru, da waɗanda suke wurin, da ranar da mai kyamis ya zo da abin da ya faɗa. Ya ɗauki bidiyon tafiyarta a waya, a riƙa sabuntawa duk bayan sati biyu, amma kada a sa a Facebook ko a tura a WhatsApp, sirrin yarinya ne. Katin asibiti, rasit, kuɗin mota, duk a adana a leda ɗaya. Ki roƙi likita ya rubuta rahoton abin da ya gani, domin a gaban kowace hukuma abin da ake tambaya shi ne: an yi abin da bai kamata ba, kuma shi ne ya jawo raunin? Rahoton likita ne ke amsa ta biyun.

In takarda ta zo hannu, sai a yi zaman sulhu. Maigidanki ne zai kira, a gaban dagaci ko mai unguwa, da liman, da babba ɗaya daga gidanku, da babba daga gidan mai kyamis. Abin da za a nema a fili yake: ya amsa abin da ya faru, ya ɗauki nauyin jinya gwargwadon ƙarfinsa har a gama, ko da biya kaɗan-kaɗan ne ko a riƙa biya da kaka, dangi su tallafa masa in abin ya fi ƙarfinsa, sannan ya daina yin allura kwata-kwata. A rubuta, shaidu su sa hannu, kowane ɓangare ya riƙe kwafi. Kada a yarda da dunƙulen kuɗi sau ɗaya a ce magana ta mutu, alhali ba a san inda jinyar za ta tsaya ba. In wani ya ce ana son raba zumunci, a tuna masa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Shagonsa na nan, ya ci gaba da sayar da abin da lasisinsa ya yarje masa.

Sharaɗin daina allurar nan shi ne wanda ba na so ki sassauta a kansa ko da an biya ku komai. Gobe wata uwar ce za ta shiga shagon da ɗanta a kafaɗa, ba ta san abin da kika sani ba.

In ya ƙi zama, ko ya sa hannu ya koma ruwa, to kun fita haƙƙin zumunci, sai a hau sama. A kai ƙorafi a rubuce ga shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma da ofishin PCN na jiha, su ne ke da ikon bincikar shago da rufe shi. Su ba sa raba diyya, wannan aikin kotu ne, ko ta shari'ar Musulunci ko ta zamani. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a, Legal Aid, ko na Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, su ba shi shawara.

Ga masu karatu da irin wannan ta same su a asibiti ba a kyamis ba, hanyar ta ɗan bambanta. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba kowane mara lafiya damar kai ƙorafi a bincika. Likita ana kai ƙararsa ga hukumar likitoci, MDCN, ta hanyar takardar rantsuwa, ma'aikatan jinya da ungozoma kuma suna da tasu hukumar. In asibitin gwamnati ne a yi hanzarin ganin lauya, domin akwai dokar kare ma'aikatan gwamnati da ke taƙaita lokacin shigar da ƙara zuwa wata 3.

Ke dai ƙanwata, aikinki na satin nan asibiti ne. Ki tafi da katin rigakafinta, da kwalbar allurar ko kwalinta in ana iya samu, ku yi sammako don layin kati. In an rubuta abin da ya fi ƙarfinku, ki tambayi ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin kafin ki juyo gida. Ki sa ƙaninki ya sake rubuto mini abin da likita ya ce da yadda maigidan ya karɓi maganar, sai mu duba yadda za a tsara zaman. Allah ya tashi kafaɗarta.